Kalma Ɗaya a Takardar Habu

Nafisa, Mubarak, ku biyu nake rubuta wa wannan, tun ina da sauran gani da sauran hankali. Abin da kuka sani game da rasuwar mahaifiyarku shi ne abin da na gaya muku: ciwon daji ya kama ta a mama, aka yi magani iya yi, kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, ba na jayayya da Ubangiji. Amma tsakanin ranar da likita ya ga ƙullutun da ranar da aka fara yi mata magani na sosai akwai wata bakwai, kuma ban taɓa gaya muku inda watannin nan suka tafi ba. Ni na cinye su. Kuna ƙanana a lokacin, ba ku tambaya ba, ni kuma na ji daɗin rashin tambayar.

A shekarar muna zaune a unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira, hawa na huɗu, a gidan nan da tagarmu ke kallon ta maƙwabta har mata na miƙa wa juna gishiri. A takarda ni ɗalibi ne, ina digiri na uku a fiƙihu da tallafin gwamnatin jiharmu, digirin da mahaifiyarku take kira ɗan autanta saboda ya ƙi girma. A zahiri kuwa tafinta ne ni. Kullum da safe nakan tsallaka layin dogo in shiga unguwar Mohandessin, in tsaya tsakanin alhazan da suka zo neman magani daga gida da likitocin Masar, in juya Hausa zuwa Larabci, in juya Larabci zuwa Hausa. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Na san cewa magana ɗaya tana da riga biyu ko uku, kuma tafinta ne yake zaɓar wadda za ta sa kafin ta shiga kunnen mai sauraro. Da wannan sana'a na ciyar da ku.

Babanku Habu, aminina, kun san shi, amma ba ku san yadda muke a da ba. Jirgi ɗaya ya kawo mu Alƙahira, mun yi shekara huɗu muna cin ful, dafaffen waken Masar, a kwano ɗaya. Shi Babarbare, ni Bafulatani, don haka tun ranar farko yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa nawa, har yau ba a yanke hukuncin wa ya mallaki wani ba. Siyasa ce kaɗai ta raba mu. A shekarar da nake ba ku labari an yi zaɓen gwamna a gida, ɗan takararmu ya faɗi da ƙaramar tazara, na su Habu ya ci. A lokacin zan iya dafa Alƙur'ani cewa maguɗi aka yi. Yau ban sani ba. Abin dariyar shi ne daga ni har Habu babu wanda ya jefa ƙuri'a, muna nan Masar muna yin zaɓen a waya, muna zagin juna a zaurukan ɗalibai kamar mu za a rantsar. Mahaifiyarku tana kallona ina danna waya ina huci, sai ta ce:

"Malam, wai wanda ya faɗin nan ya san sunanka kuwa?"

"Ba don shi nake yi ba, Hajara. Don gaskiya nake yi."

"To Allah Ya ba gaskiya sa'a. Tuwonka dai ya huce."

Sabon gwamna bai yi wata uku ba ya fito da shirin inshorar lafiya ta gwamnati. Ya ce a kan wannan alkawari jama'a suka zaɓe shi, kuma zai cika. Shirin ya haɗa har da ɗaliban jiha da ke ƙasashen waje da iyalansu: kowa ya ba da ɗan abin da ba zai gagare shi ba duk wata, gwamnati ta cika sauran, a ƙulla yarjejeniya da wani asibiti a Alƙahira, mai kati ya je a duba shi. Wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a matsayin baƙo a ƙasar nan ya san abin da wannan yake nufi. Mu 'yan adawa kuwa muka ce sam. Jama'a ba su zaɓe shi ba, shari'a tana kotu, ba shi da hurumin kawo komai, duk wanda ya karɓi katinsa ya sa hannu a kan sata. Na rubuta irin wannan magana da yawa, kuma ana yaba min.

Habu shi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban jiharmu a lokacin, don haka takardar shirin hannunsa ta zo. Wata ranar Talata bayan la'asar ya hawo benenmu yana haki, ya ajiye ta a gabana.

"Bawana, aiki na kawo maka. Juya min wannan zuwa Larabci. Asibiti suna son tasu, kuma ranar Juma'a zan karanta wa yara a taro. Ka san su, ba sa yarda da takarda sai sun ga lafazinta da Larabci."

"Takardar ɓarayin zaɓe zan fassara?"

"Takardar magani za ka fassara. Zazzaɓi bai san jam'iyyarka ba. Yalla, yi sauri, kada ka ɓata min lokaci."

Na karɓa. Ya amince da ni, shi ya sa ya kawo min duk da ya san inda na tsaya. A nan sai kun ɗan yi haƙuri da ni in yi muku karatu, domin komai a kan kalma ɗaya ya rataya. Abin da muke kira inshora, a Larabci kana iya kiransa takaful, wato jama'a su haɗa hannu su ɗauki nauyin wanda lalura ta faɗa wa. Kana kuma iya kiransa ta'amin, kalmar da kamfanoni masu neman riba suke sayar da hajarsu da ita. Mutanen Masar ba su damu ba, ta'amin suke ce wa duka. Amma ɗalibin fiƙihu daga arewa, da zarar ya ji ta'amin, abin da yake faɗo masa shi ne babin da aka karantar da shi a kan ciniki mai ruɗu da caca a ciki. Na san malamai da yawa sun hana na kamfani. Na kuma san, sani na haƙiƙa, cewa waɗannan malaman sun halatta wanda gwamnati ta shirya don taimakon jama'a ba don riba ba. Na rubuta wannan da hannuna a jarrabawa, na ci. Takardar Habu irin ta biyun ce, ko makaho ya shafa zai gane. Na zauna da alƙalami a hannu na ɗan lokaci, sannan na rubuta ta'amin tun daga kanun takardar har ƙarshenta.

An yi taron bayan sallar Juma'a a wani ɗaki da muka saba haya a Wustul Balad, tsakiyar birni. Maza a gaba, mata a baya, mahaifiyarku tana cikinsu. Habu bai gama layin farko ba aka fara gunaguni. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambayi hukuncin abin a shari'a, Habu kuwa, Allah Sarki, ya juyo yana murmushi ya nuna ni.

"Ga Malam Sa'idu nan, fiƙihu gonarsa ce. Malam, warware musu."

Na tashi. Na yi magana kusan rabin awa, kuma ban taɓa yin magana mai daɗi kamar ta ranar ba. Na kawo hujjoji, na jero maganganun malamai a kan inshorar kamfani, duk gaskiya ne, duk suna cikin littafi. Shafin dama na karanta musu, na rufe na hagu da tafin hannuna. Ina gani murmushin Habu yana gushewa a hankali. Da na gama, wani daga tsakiya ya ce:

"Malam, a taƙaice dai. Halal ko haram?"

Har zuwa lokacin ban yi ƙarya ba, rabin gaskiya nake faɗa. Ina iya cewa akwai bayani, ina iya cewa a ba ni mako. Amma ido duk yana kaina, kuma ina jin daɗin abin.

"Haram ne," na ce. "Ni dai ba zan shigar da shi gidana ba."

Aka yi kabbara. Mafi yawan ɗalibai suka fita ba su sa hannu ba. 'Yan kaɗan suka tsaya, da su Habu ya aika sunaye, shirin ya fara aiki a gurguje. Shi kuwa a ranar takardunsa ya tattara ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba. A hanyarmu ta komawa, muna tsaye a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, mahaifiyarku ta dube ni da irin kallon da take yi min tun tana amarya idan na fassara mata aya.

"Malam, yau ka yi karatu, Allah Ya ƙara sani. Wallahi da niyyata in matsa maka mu shiga. Ashe Allah ne Ya tsare mu."

Na ce amin. Ku lura da wannan, na ce amin, kuma ban ji komai a ƙirjina ba sai daɗi.

Dole in gaya muku wace ce mahaifiyarku, don ku gane abin da ya biyo baya. Mace ce mai wasa da dariya, tana iya tsokanar mutum har ya rasa inda zai sa kansa, amma a kan halal da haram ba ta da wasa ko kaɗan. Ita ce mai mayar da alewa kanti idan ta ji an ce akwai shakka a abin da aka haɗa ta da shi. Karatunta bai yi nisa ba, kuma ta san haka, shi ya sa ta ɗora addininta a kan nawa. A siyasa tana ɗaukata mahaukaci, a girki tana ɗaukata jahili, amma idan na ce abu haram ne, magana ta ƙare. Shekara goma sha huɗu muna haka, ban taɓa tunanin cewa wannan amana kaya ne mai nauyi ba.

Wata biyu bayan taron ta gaya min akwai abu mai tauri a mamanta na hagu. Na kai ta wajen wani likita da nake kai wa alhazai, aka yi hoto, aka ɗebi nama aka auna. Ya kira ni ofishinsa ya ce daji ne, amma an gan shi da wuri. Idan aka yi aiki yanzu, aka bi da allurai ba tare da yankewa ba, yana da kyakkyawan zato. Sau biyu ya maimaita min kalmar yanzu. Ya yi min alkawarin zai riƙa duba ta kyauta saboda zaman tare, amma ɗakin tiyata da allurai ba nasa ba ne, kuma abin da ake nema ya fi ƙarfin tafinta.

Ban san wa ya gaya wa Habu ba. Kwana uku da haka na ji hakinsa a bene. Rabon da mu gaisa tun ranar taro. Bai kira ni bawansa ba, sunana ya kira.

"Sa'idu, ba siyasa na zo yi ba. Ƙofa a buɗe take har yanzu. Sa hannu a nan, ita ma ta sa a nan, jibi a kai ta asibiti. Ba wanda zai ji daga bakina."

Ko karantawa ban yi ba na sa hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yawan imanin da na yi da fatawata. Muka shiga falo da takardar, mahaifiyarku ta fito suka gaisa, ta saurari bayaninsa har ƙarshe cikin ladabi.

"Malam Habu, na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma ba zan shiga ba."

"Haba Maman Mubarak, don me?"

"Malam ya ce haram ne."

Na yi sauri na ce mata ai yanzu lalura ce, kuma shari'a ta yi wa mai lalura rangwame. Ta dube ni da mamaki, kamar ni ne mara lafiyar.

"Malam, da bakinka ka faɗa a gaban jama'a. Yanzu don ciwo ya shigo gidanka sai ya halatta? Yaran da suka ƙi shiga saboda maganarka, su ba sa ciwo ne? Kana da likitoci abokai, Allah zai buɗa wata hanya. In kuma tafiyar ce ta zo, ba na so in tarar da Ubangijina da haram a jijiyata."

Na raka Habu ƙasa. A hawa na biyu ya tsaya ya riƙe hannuna.

"Faɗa mata gaskiya. Ni na sani, kai ka sani. Hau yanzu ka faɗa mata."

"Gobe," na ce. "Bari ta ɗan huce."

"Ma'alish, ka yi haƙuri, Sa'idu, amma ba ita ce za ta huce ba. Kai ne."

Goben nan ita ce ta zama wata bakwai. Za ku tambaya, me ya hana ni? Na tambayi kaina wannan fiye da yadda za ku iya tambayata. Ba jam'iyya ba ce, a lokacin ko sunanta ba na son ji. Tsoro ne. Idan na ce mata na yi kuskure, za ta ce in nuna mata a littafi inda na kuskure, domin ta san ni ba na kuskure a irin wannan. Sai dai in ce mata na sani na ɓoye, na ɗauki addini na yi yaƙin zaɓe da shi. Kuma daga ranar ba za ta sake yi min kallon nan na tashar jirgi ba. Na fi tsoron rasa wannan kallo fiye da yadda na ji tsoron ciwon, domin ciwon ba na ganinsa, kallon kuwa kullum ina gani. Sai na riƙa gaya wa kaina cewa zan iya da ƙarfina. Na ƙara aiki, na bi alhazai har filin jirgi, na roƙi wanda ban taɓa zaton zan roƙa ba. Aka yi mata allura zagaye ɗaya, aka tsaya. Bayan makonni aka yi wani, aka sake tsayawa. A tsakani tana shan zuma da habbatus sauda, tana yi min godiya a kan wahalar da nake sha dominta. Wannan godiya ta fi komai ƙona ni. Na kawo mata wani malami ya gaya mata shirin halal ne, ta saurare shi, ta ba shi shayi, da ya tafi ta ce ai Malam ya fi shi karatu.

Abin da ya karya ni ƙarami ne, har ina jin kunyar faɗa. Kotu ta tabbatar wa gwamna kujerarsa, ba a jima ba ɗan takararmu ya sauya sheƙa ya koma jam'iyyarsu. Wata safiya na buɗe waya na ga hotonsu su biyu, sun rungumi juna suna dariya har ana ganin haƙoransu na ciki. Kun tafi makaranta. Mahaifiyarku tana zaune bakin taga tana tsince shinkafa da hannu ɗaya, domin na hagun ya daina ɗaguwa. Na kalli hoton, na kalle ta. Na ajiye wayar, na durƙusa a gabanta, na gaya mata komai tun daga ranar Talatar da Habu ya hawo bene. Ban sa wa maganar riga ko ɗaya ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafar har ta gama, ta ture farantin gefe.

"Ka sani tun ranar?"

"Na sani."

"Da na ce Allah Ya tsare mu, ka ce amin. Ka sani a lokacin?"

"Na sani, Hajara."

Da ta sake magana, ba a kan kanta ta yi ba.

"Ranar Juma'a ka koma inda ka faɗa, ka tara su, ka gaya musu abin da ka gaya min. Bayan nan ka kawo takardar in sa hannu."

"Juma'a saura kwana huɗu. Ki sa yau, gobe a kai ki."

"Wata bakwai ka jira, Malam. Ni kwana huɗu ne kawai."

Na je. Habu ya tara su, na tsaya a inda na tsaya a da, na faɗa. Ba a yi kabbara ba wannan karon. Wani ɗalibi da matarsa ta yi ɓari a gida saboda sun kasa zuwa asibiti da wuri ya tashi ya fita ba tare da ya dube ni ba, kuma bai sake gaishe ni ba har ya bar Masar. Yana da gaskiya. Da yamma na kai mata takardar ta sa hannu, ranar Lahadi aka kwantar da ita. Sun yi iya ƙoƙarinsu a asibitin, ba abin da zan ce da su sai godiya. Amma hoton da aka ɗauka a makon farko ya nuna abin ya riga ya shiga ƙashi da hanta. Likitan ya tambaye ni me ya sa muka makara, na ce masa dalilai ne na iyali. Ban sani ba ko da an fara da wuri za ta rayu, wannan ilimin Allah ne. Na dai san abin da likitan farko ya ce, kuma na san sau nawa ya ce yanzu.

Ta yi kusan shekara bayan nan. Ba ta taɓa goranta min ba, ba ta gaya wa kowa a gida ba, ko mahaifiyarta. Tana tsokanata kamar da, tana tambayata lafiyar ɗan autanta da ya ƙi girma. Abu ɗaya ne ya canza: ba ta sake tambayata hukuncin komai ba. Idan wani abu ya shige mata duhu, sai ta jira matar Habu ta zo dubiya ta aike ta ta tambayo wani. Ina zaune a wurin, da littattafaina cike da bango, ana fita neman fatawa waje.

Kwana biyu kafin ta rasu, da hantsi, bayan ma'aikaciyar jinya ta canza mata ruwa ta fita, na tambaye ta abin da na daɗe ina tsoron tambaya. Na ce ko ta yafe min. Muryarta ta yi ƙasa sosai a lokacin, sai da na sunkuya.

"Nawa haƙƙin na yafe maka tuntuni, Malam, duniya da lahira. Amma akwai na yaran nan, uwa ka rage musu. Wannan ba nawa ba ne balle in yafe. In sun girma ka tambaye su."

Nafisa, yanzu kina da 'ya'ya uku. Mubarak, ka fi ni tsawo, ka fi ni hankali. Na jira ku girma, da kuka girma kuma na ƙara wasu shekarun a kai, kun dai ga halina da gobe. Ba sai kun amsa da wuri ba, kuma ba dole ne amsar ta yi min daɗi ba. Ga shi na tambaya.